Surukina Ya Cinye Ni Da Gaske, Na Bari Aka Ce Kara Na Yi Masa

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatun wannan fili, ina kuma roƙon a sakaya sunana, don mutanen da labarin ya shafa suna nan da ransu, kuma Katsina duk girmanta in ka yi tari a Ƙofar Ƙaura sai an ji a Ƙofar Marusa. A lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne mai yara ƙanana, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati, irin ofishin da kafin azahar aikin ranar ya ƙare, sai zaman jiran lokacin tashi. Da za ka tambayi maƙwabtana, cewa za su yi ni mutum ne mai sanyin hali wanda bai ɗauki duniya da zafi ba. Ba su san akwai abin da na ɗauka da zafi fiye da kima ba, wato wasan ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki da sojoji, da ake yi a kan allo mai gida-gida baƙi da fari.

Tun muna makaranta na iya tura 'ya'yan, amma ban shiga wasan sosai ba sai da na sami babbar waya na ga ana bugawa da mutanen duniya daga inda kake zaune. Ga wanda bai sani ba, a manhajar kowane ɗan wasa yana da maki rubuce a gefen sunansa. In ka ci wasa makin ya hau, in aka cinye ka ya sauka, in kuwa wanda ya cinye ka makinsa bai kai naka ba, saukar takan yi muni. Na dage, makina ya yi ta hawa har ya kai wani adadi da ba zan faɗa ba, don waɗanda suka san wasan dariya za su yi mini, waɗanda ba su sani ba kuma ba zai ƙare su da komai ba. A majalisarmu dai babu wanda ya kama ƙafata. Mukan haɗu bayan la'asar a shagon wani abokinmu tela a bayan Babbar Kasuwa, mu ɗora allo a kan benci, kafin a fara kuwa sai kowa ya ciro waya an gwada maki. Suka laƙaba mini Farfesa. Ina nuna ba na so, amma duk ranar da wani ya manta ya kira ni da sunana na yanka sai in ji kamar ya rage mini wani abu.

Sai kawai wasa ya juya mini baya, ba ciwo, ba tashin hankali a gida. Abin da nake hangowa tun daga nesa ya zama sai an kai ni ƙasa sannan in gan shi. In an cinye ni sai in ce bari in rama, in sake shiga da zafin rai, a sake cinye ni. Da na ga makin ya fara zaizayewa sai tsoro ya kama ni, na yi wata dabara da na ɗauka wayo ce. Na daina bugawa da sunan da abokaina suka sani, na bar makinsa a tsaye yana sheƙi, na buɗe wani sabon suna da babu wanda ya san nawa ne, a can nake shan kashina a ɓoye. A majalisa kuma in aka ɗora allo sai in ce yau kallo zan yi, in tsaya a kan mutane ina gyara musu wasa, don mai kallo ba a cinye shi. In ina cin abinci adadin nan yana raina, har a sahun salla sai na yi ta korarsa. Na san abin kunya ne ga mai iyali, shi ya sa ban gaya wa kowa ba, har maiɗakina.

Ana cikin haka surukina, mahaifin maiɗakina, ya kwanta ciwo. Dattijo ne ɗan asalin cikin birni, tsohon ma'aikacin ilimi, kuma shi ne babba a zuri'arsu. Neman aure da saɓanin 'yan'uwa duk a zaurensa ake kashe su, in ya yi magana an gama. Tsakanina da shi kuwa sai abin da al'ada ta tsara. In na je gaishe shi daga bakin ƙofa nake tuɓe takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, a tambayi iyali da aiki, ya sa mini albarka in tashi. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. Hawan jini ne ya buge shi wata safiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Bayan an sallamo shi daga asibiti aka sa shi zuwa gashin ƙashi, likita kuma ya ce a samo masa abin da zai riƙa motsa ƙwaƙwalwarsa, kada a bar shi da kwanciya da tunani.

Nan ne maiɗakina ta tuna suna yara akwai wani allon ces na katako a ɗakin Baba, wanda ya zo da shi daga wani kwas da aka tura shi ƙasar waje yana saurayi. Ita ta sa masa manhajar a wayarsa, ta nuna masa yadda ake tura 'ya'yan da yatsa ɗaya, ta kuma ba shi sunana, wancan mai maki mai sheƙi, don shi kaɗai ta sani. A ganinta ta samo hanya mai kyau. Al'ada ba ta bar suruki da suruki su zauna gaba da gaba a kan allo ba, amma waya ta raba gardama, kowa yana ɗakinsa, babu haɗa ido. Ina zaune a ofis da hantsi sai ga gayyatar wasa ta shigo da sunan surukina ɓaro-ɓaro, da ɗan makin da ake ba sabon shiga. Ba a ƙin amsa kiran suruki, balle marar lafiya. Akwai hanyar buga wasa ba tare da an taɓa maki ba, amma sai na mayar masa da gayyatarsa na aika wata, kuma da wane baki zan bayyana dalili? Na ce a raina tsoho ne mai jinya da hannu ɗaya, ko a wannan hali nawa ai ba zai gagare ni ba, na danna amsa.

Ya cinye ni, Edita. Ba da sa'a ba, ba don waya ta yanke ba. A hankali yake wasa, irin na mutanen da, babu gaggawa babu ado, yana ta matse ni har na rasa inda zan sa ƙafa. Da yake makinsa na sabon shiga ne, abin da aka zabge mini ba kaɗan ba ne. Washegari ya sake aikowa, na shiga da niyyar ramuwa, ya sake cinye ni. Haka muka yi ta yi, in na yi ƙoƙari a tashi canjaras, amma galibi shi ke da nasara. Ina komawa gida fuska a murtuƙe, maiɗakina kuwa tana dawowa daga dubiya da fara'a, tana ba ni labarin yadda Baba ya fara zama da kansa, har ya yi wa ƙanwarta tsiya. Ran nan tana zuba mini abinci ta dube ni ta ce ita fa ta gane abin da nake yi, ta san da gangan nake barin Baba yana ci don ya ji ƙarfin jikinsa, Allah ya saka mini da alheri, ba kowane miji ne zai zubar da makin da ya sha wahalar tarawa saboda uban matarsa ba.

Da a nan na buɗe baki na ce a'a, da ba ni da labarin da zan rubuto. Amma faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Na sunkuyar da kai na yi ɗan murmushi na ce ai Baba ya fi ƙarfin haka a wurina. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan ina ce wa kaina ban yi ƙarya ba. Da 'yan majalisa suka ga makin Farfesa ya zube suka tambaya, sai na ba su amsar da aka riga aka ɗinka mini, na ce surukina ne ba shi da lafiya nake ɗan yi masa kara. Tela ya ajiye almakashi ya ce na cika ɗan halak. Wani ya ce shi ko ubansa ba zai bar wa maki ba. Ga uzurin faɗuwa, ga yabo a kai, har wani sauƙi na riƙa ji in Baba ya cinye ni, don wannan faɗuwar tana da riga, ba kamar wadda nake sha a hannun baƙi ba.

Magana kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Maiɗakina ta gaya wa yayarta don alfahari da mijinta, yayar ta faɗa a gidan suna, kafin ka ce me duk dangi sun ji. Wata gwaggonsu, ƙanwar Baba, ta je dubiya, cikin hira da kyakkyawar niyya ta ce masa ya gode wa Allah da ya ba shi suruki mai ladabi, ga shi gwani amma kullum sai ya kwantar da kai ya bar shi ya ci. An ce Baba ya tambaye ta wa ya faɗa, ta ce ai kowa ya sani, shi yaron ma bai musa ba. Daga ranar gayyata ba ta sake shigowa wayata ba. Ni kuwa don rashin tunani har hamdala na yi, na ce makina zai huta.

Sai labarin gidan ya fara canzawa. Baba ya ce a ɗauke wayar daga kusa da shi. Ranar zuwa gashi ya ce ba za shi ba, wai wahalar da mutane kawai ake yi. Ya rage magana, abinci sai an yi da gaske. Aka mayar da shi asibiti, likita ya auna ya ce jiki yana samun sauƙi, damuwa ce, a binciko abin da ke ransa. Maiɗakina ta rame, in ta dawo daga can sai ta shige ɗaki ta yi kukanta ta fito. Jikina ya ba ni da hannuna a ciki, amma na riƙa ce wa kaina masu irin wannan ciwon dama haka suke. Nakan je gaisuwa kamar kullum, ya amsa a taƙaice fuskarsa na kallon bango.

Ƙanin Baba ne ya buɗe mini ido, bai ma san ya yi ba. Mun haɗu bayan sallar Juma'a, ya ja ni gefe ya yi mini godiya kan ƙoƙarina, ko da yake abin bai zo yadda aka so ba. Ya ce yayansa ya danƙa masa duk al'amuran zuri'a, har da maganar auren wata marainiya, 'yar marigayi ɗan'uwansu, da ake jiran ya warke ya tsaya a kai. Da ƙanin ya matsa wa Baba sai ya gaya masa dalili. Wai tun da ciwon ya same shi abin da ya fi tsorata shi ba hannu ba ne ba ƙafa ba, hankalinsa ne, don kowa yana lallaɓa shi, ko shirme ya faɗa sai a ce haka ne Baba. Da ya fara wasa da ni sai ya ce ya sami ma'auni, tunda allo ba ya kara, kuma duk wasan da ya ci sai ya ji wani ɓangare na kansa ya dawo. Yanzu da ya ji ashe ba shi ake yi, ba karar ce ta fi ci masa rai ba. Abin da ya karya shi, a lokacin wasannin har ga Allah ya ji kansa yana aiki sarai, bai ga alamar ana sa masa a baki ba. To in har za a yi masa haka bai gane ba, ashe ko jin da yake yi ya warke ba abin yarda ba ne, kuma wanda bai yarda da hankalinsa ba bai kamata ya yanke wa marainiya maganar aure ba.

Ban san yadda na yi sallama da shi ba. Na hau babur, maimakon gida sai na tsinci kaina a hanyar Batagarawa, na tsaya a gindin wata bishiya na zauna. Mutumin nan ya cinye ni da hannun hagu, da ƙwaƙwalwar da yake zargi, ni kuma na karɓe nasararsa na naɗa wa kaina rawani da ita. Na tsani kaina a ranar. Da na koma gida na zaunar da maiɗakina na gaya mata komai, har da sunan ɓoye da kashin da nake sha tun kafin Baba ya kwanta. Sai ta tambaye ni da murya ƙasa-ƙasa ko ina nufin saboda wata lamba da ke cikin waya, wadda ko gishiri ba a saye da ita, na bar ubanta yana zargin hankalinsa. Na ce haka ne. Na roƙe ta ta je ta yi masa bayani tunda ni akwai nauyi tsakaninmu. Ta ce ba inda za ta, bakinta ne ya kai maganar farko kuma ga inda ta kai su, in ina da kunyar surukina ai da na ji ta tun ranar da ake yabona a kan ƙarya.

Washegari da hantsi na tafi. Na same shi a zaure an jingina shi da matashi, yana jan carbi da hannun hagu. Na durƙusa inda na saba, muka gaisa, ya sa albarka, ya jira in tashi. Ban tashi ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kaina a ƙasa na gaya masa ban taɓa bar masa wasa ko ɗaya ba, duk cin da ya yi mini da ƙarfinsa ya yi, wasana ne ya lalace tun da daɗewa na ɓoye, da aka ba ni mafaka kuma na shige. Ya saurare ni har na gama. Sannan da harshensa mai nauyi ya ce ya gode wa Malam, amma wannan kara ce ta biyu a kan ta farko, ya san 'yarsa ce ta turo ni, in tashi in koma wurin iyalina. Na buɗe baki zan rantse, ya ɗaga hannu ya ce kada in sa sunan Allah a cikin wasa.

Na ci gaba da durƙuso, na ƙi tashi. Can sai ya ɗaga murya ya ce a miƙo masa allonsa na katako. Aka kawo, ya ce in hau tabarmar, yau ba suruki ya kira ba, abokin wasa ya kira. Haka na zauna gaba da gaba da shi, abin da ban taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa. Da hannu ɗaya ya jera 'ya'yan, ba jerin farawa ba, jerin tsakiyar wani wasa da muka yi makonni da suka wuce, inda na sa sarauniyata na ɗauki sojansa, dokinsa ya yi tsalle ya rutsa sarkina da sarauniyar a lokaci guda. Ya ce wannan wasan ne ya fi tsaya masa a rai tun da ya ji maganar, don mai maki irin nawa ba zai yi wannan kuskure ba sai da gangan. In ina so ya yarda, in gaya masa abin da ke cikin kaina a lokacin da na taɓa sarauniyar, kada in rage komai.

Na gaya masa. Na ce na ga dokin tun farko, har na ce a raina in kula da shi. Sai idona ya kai kan makinsa, na fara lissafin abin da za a cire mini in aka tashi canjaras da sabon shiga, da abin da tela zai ce in ya gani. Ina cikin wannan lissafi na ga soja a sake, na ce bari in cafke in nuna wa tsohon nan ruwa ba sa'an kwando ba ne, in gama da shi kafin a kira azahar. Dokin kuwa ya fita daga kaina gaba ɗaya, sai da ya dira na tuna da shi, na buga tebur har 'yan ofis suka waiwayo. Haka na faɗa masa, har da tsohon nan ɗin, tunda ya ce kada in rage. Da na ɗaga ido sai na ga kafaɗarsa ta hagu tana girgiza. Dariya yake yi da rabin bakinsa, har da hawaye. Ya ce ya yarda, don mai yin kara yakan ƙirƙiro dalili mai mutunci, irin wannan wautar kuwa ba a ƙirƙirarta, sai dai a same ta.

Da dariyar ta lafa ya mayar da idonsa kan allon, ya tambaye ni da muryar mai jiran sakamakon asibiti, wato dai tarkon nan shi ya ɗana da kansa kuma ya kama. Na ce shi ya ɗana, kuma ya duba ya gani, wasan da aka yi tuntuni ya jero shi ɗa bayan ɗa daga kansa babu kuskure, ni mai lafiya ko za a kashe ni ba zan iya ba. Ya dubi 'ya'yan da ya jera ya daɗe, ya yi hamdala a hankali, ya maimaita. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan lokacin ba, kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe, amma da sharaɗin in koma duk inda na karɓi yabon nan in mayar da shi. Game da wasana kuma abu ɗaya ya ce, in na zauna gaban allo in kalli allo.

Na cika sharaɗin. Gwaggo ta riƙe baki ta ce ita ba ta ga abin ɓoyo a ciki ba. A majalisa na sha tsiya, aka tuɓe mini Farfesa a take. Da aka gama dariyar kuwa sai wani ya ce shi ma yana da sunan ɓoye, wani ya ce shi ya daɗe bai buɗe manhajar ba don fargaba, ashe ciwo ɗaya muke ɗauke da shi kowa ya rufe nasa da babbar riga. Baba ya koma gashi, yanzu yana takawa da sanda har masallacin unguwa. Ya karɓi al'amuran gidan daga hannun ƙaninsa, shi ya tsaya a kan auren marainiyar nan, ya yi wa dangin mijin tambayoyin da sai da suka yi gumi. Ni kuma na goge sunan ɓoyen na koma bugawa da nawa, makin ya zube iya zubewarsa ya tsaya, na ga ban mutu ba. Yanzu in an cinye ni a jere sai in ajiye wayar in tashi, daga baya in duba inda na yi kuskure maimakon neman ramuwa. Wasan ya dawo mini a hankali yadda ya tafi, babu sallama, kuma nakan yi kwanaki ban duba makina ba.

Abin da ya sa na rubuto, Edita, na san akwai matasa da magidanta da yawa da lamba irin wannan ke hana su sukuni. Ina gaya musu koma-baya a wasa ba abin kunya ba ne, kowa yana shiga, yana kuma wucewa in an bar shi ya wuce, ɓoye shi ne ke mayar da shi bala'i. Ni ban zagi kowa ba, shiru kawai na yi a inda ya kamata in ce a'a, kuma shirun ya kusa kwantar da dattijon da Allah ya riga ya tayar. Ku ji tsoron ƙaryar da ake yaba muku a kanta, don ita ce ba ta da mai tsawatarwa. Masu jinyar tsofaffi kuma ku sani lallaɓawa tana da iyaka. Marar lafiya yana buƙatar magani da abinci, yana kuma buƙatar wanda zai kayar da shi in ya iya, in kuma shi ya yi nasara a bar masa abarsa. Har yanzu muna wasa da Baba, kowa daga ɗakinsa, don surukuta ta koma inda take. Kwanan nan na samu na cinye shi, cin gaske, bayan doguwar fafatawa. Maiɗakina ta dawo daga gidan ta ce ta same shi yana ta faɗa shi kaɗai a kan wani soja da ya tura ba kan lokaci ba, ya ƙi kula kowa, ya ce a gaya wa Malam gobe da hantsi yana jira. Ta ce tun da ya kwanta ba ta taɓa ganinsa cikin ƙoshin lafiya irin ranar ba.